Yadda fim ɗin Sifaniyanci ke tashi daga bikin Venis har ya iso wayar mai kallo

Tambayar da aka aiko tana da rassa uku. Fim ɗin da kamfani irin Netflix ya zuba wa kuɗi, kowa ya san a manhajarsa za a kalle shi, me ya kai shi bukukuwan baje kolin fina-finai da gidajen sinima tukuna? Ta wace hanya ake tallata fim ɗin da aka yi da Sifaniyanci ga mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya ta harshen? Sannan tunda babu tikitin da za a ƙirga, da me ake gane cewa ya karɓu?

Amsar ta fi fitowa idan aka bi sawun fim guda daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya fi dacewa shi ne La sociedad de la nieve, na darakta J. A. Bayona ɗan Barcelona, wanda ya hau Netflix ranar 4 ga Janairun 2024. Labarin ya faru da gaske. Ranar 13 ga Oktoban 1972 wani jirgin sojin saman Yurugwai ɗauke da mutum 45, galibinsu 'yan wasan zari-ruga na wata ƙungiya a Montevideo da danginsu da abokansu, ya faɗi a tsaunukan Andes a hanyarsa ta zuwa Santiago, babban birnin Chile. Mutum 16 ne suka tsira bayan kwana 72 cikin dusar ƙanƙara, kuma larura ta kai su ga cin naman 'yan uwansu da suka rasu. An ɗauko fim ɗin daga littafin ɗan jaridar Yurugwai Pablo Vierci, wanda ya yi makaranta ɗaya da da yawa daga cikin mutanen.

Maganar rarraba fim tun daga wajen neman kuɗi take farawa, domin wanda ya biya shi ke yanke inda za a nuna. Bayona ba baƙo ba ne a kasuwa: ya yi Lo imposible a 2012, ya kuma yi ɗaya daga cikin fina-finan Jurassic World a 2018. Duk da haka sai da ya kwashe fiye da shekara goma yana neman mai ɗaukar nauyin wannan aiki. Dalilin a fili yake. Ya dage sai an yi shi da Sifaniyanci, da karin harshen Yurugwai, da matasan 'yan wasa daga Yurugwai da Ajantina waɗanda duniya ba ta san su ba, ga shi kuma aikin na cin kuɗi sosai, domin rahotanni sun sa kasafinsa a kusan Yuro miliyan 60. A tsohon tsari, furodusa yana haɗa kuɗi ne ta hanyar sayar da haƙƙin nunawa ƙasa-ƙasa tun kafin a fara ɗauka. Dillalin Jamus ya ba da kaza, na Japan ya ba da kaza, gidan talabijin na gida ya ƙara, banki ya ba da rance a kan waɗannan takardun yarjejeniya. Kowane dillali kuwa abu biyu yake tambaya: wane tauraro ne a ciki, kuma da wane harshe? Idan aka ce babu tauraro kuma ba Turanci ba ne, farashin da zai taya ba zai kai ko kusa da abin da ake bukata ba. An riga an yi wannan labari da Turanci a 1993, fim ɗin Alive na Frank Marshall da Ethan Hawke a ciki, kuma wannan ita ce hanyar da tsohon lissafi ya yarda da ita.

Lissafin dandalin kallo ta intanet daban ne. Ba ya sayar da tikiti, kuɗin wata yake karɓa daga masu rajista a ƙasashe sama da 190, kuma masu jin Sifaniyanci a matsayin harshen uwa sun kusa miliyan 500, daga Meziko zuwa Ajantina, ga Sifaniya, ga miliyoyin da ke Amurka. Fim ɗin da zai riƙe waɗannan mutane su ci gaba da biya, ya kuma ja wasu a Turai da Asiya, ya biya kuɗinsa ko da ba a sayar da tikiti ɗaya ba. Akwai kuma matsin doka. Tarayyar Turai ta wajabta tun 2018 cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na abin da ke rumbun irin waɗannan dandali ya zama aikin Turai, dokar Sifaniya ta 2022 kuma ta ɗora wa manyan kamfanonin zuba kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da suka samu a ƙasar cikin shirya ayyukan Turai. Netflix ya riga ya buɗe cibiyar ɗaukar fina-finai a Tres Cantos kusa da Madrid tun 2019. Shi ya sa labarin Kudancin Amurka ya zama fim ɗin Sifaniya a takarda, aka ɗauki mafi yawansa a tsaunin Sierra Nevada da ke Granada, aka haɗa da ɗaukar da aka yi a Montevideo da kuma ainihin wurin da jirgin ya faɗi.

Yarjejeniya iri biyu ce ta fi yawa, kuma ya kamata mai shirya fim ya san bambancinsu. Ta farko, dandali ya biya kuɗin aikin gaba ɗaya, ya ɗora wa furodusa riba a kai, ya riƙe haƙƙin nunawa a duniya. Furodusa ya huta da fargabar asara, amma idan fim ya yi tashe fiye da zato, ribar da ta biyo baya ba tasa ba ce, sai abin da aka rubuta a takarda tun farko. Ta biyu, a gama fim da kuɗin wasu, a kai shi biki, dandali ya gani ya saya. Haka aka yi da El hoyo na Galder Gaztelu-Urrutia, ƙaramin fim da ya ci kyautar 'yan kallo a wani rukuni na bikin Toronto a 2019, Netflix ya saye shi, ya sake shi ranar 20 ga Maris 2020, daidai lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida. Inda furodusoshi suka fi cutuwa shi ne wajen sa hannu ba tare da tantance tsawon shekarun haƙƙin ba, da ƙasashen da ya shafa, da wanda ke da ikon yin kashi na biyu.

To, me ya kai fim ɗin Bayona biki? Biki ne ke ba fim suna kafin talakan mai kallo ya gan shi. An nuna shi karon farko ranar 9 ga Satumban 2023 a matsayin fim ɗin rufe bikin Venis na Italiya karo na 80. Zaɓen Venis ba haka kawai ya zo ba. Bikin Cannes na Faransa ya kafa sharaɗi cewa duk fim ɗin da zai shiga babbar gasarsa sai an nuna shi a sinimomin Faransa, dokar ƙasar kuma tana tilasta dogon jira tsakanin sinima da intanet, wanda a da wata 36 ne, a 2022 aka rage wa Netflix zuwa wata 15. Kamfanin da ke rayuwa a kan sakin fim a rana ɗaya a duniya ba zai iya wannan jira ba, sai ya karkata ga Venis, inda Roma na Alfonso Cuarón, fim ɗin Meziko da Netflix ya rarraba, ya ci babbar kyauta a 2018. Daga Venis fim ɗin Bayona ya wuce bikin San Sebastián na Sifaniya a cikin watan, ya ci kyautar 'yan kallo, kuma a watan ne hukumar fina-finan Sifaniya ta zaɓe shi ya wakilci ƙasar a gasar Oscar. Abin da aka samu a wannan wata guda shi ne sharhin manyan jaridu, da tambarin bukukuwa da za a manna a fosta, da hujjar da za a nuna wa masu kaɗa ƙuri'a. Kyautar 'yan kallo kuwa tana da wani amfani na daban: ta tabbatar wa masu talla cewa mutanen gari suna iya zama minti 144 a kan labari mai nauyi haka su fito suna yabawa.

Zuwa sinima kuma dalilinsa na farko ƙa'ida ce. Kafin fim ya shiga rukunin fina-finan ƙasashen waje na Oscar, sai an nuna shi kwana bakwai a jere a sinimar kasuwanci, kuma fiye da rabin maganar da ke ciki ta zama ba da Turanci ba. Wannan sharaɗi na biyu ne ya sa aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Najeriya ta miƙa a 2019. Idan kuma ana son fim ya nemi sauran rukunai, kamar kiɗa ko kwalliya, sai ya yi mako guda a sinima a ɗaya daga cikin birane shida na Amurka da aka ware, ciki har da Los Angeles da New York. Saboda haka aka fito da shi a Yurugwai a tsakiyar Disamba, a Sifaniya ranar 15 ga wata, a wasu zaɓaɓɓun sinimomin Amurka ranar 22.

A nan ake samun rikicin da ya fi kowane maimaituwa. Masu gidajen sinima suna neman a ba su tazara, wato wani lokaci da fim zai kasance a hannunsu kaɗai. A da tazarar kusan kwana 90 ce, bayan korona manyan kamfanonin Amurka da dama suka sauko zuwa wajen kwana 45. Dandali kuwa sau da yawa wajen mako uku yake bayarwa ko ƙasa da haka. Hujjar mai sinima a bayyane take: shi ke biyan haya da wuta da ma'aikata, yana raba kuɗin tikiti da mai fim, kuma idan mutane suka ji fim zai shigo gida bayan kwana ashirin, da yawa za su jira. Sai manyan kamfanonin sinima su ƙi karɓa, fim ya koma ƙananan gidaje masu zaman kansu. A Meziko, manyan kamfanonin sinima Cinépolis da Cinemex ba su nuna Roma ba saboda wannan. A Ajantina, manyan kamfanonin sinima sun juya wa Argentina, 1985 na Santiago Mitre baya a 2022, domin Amazon, mai dandalin da fim ɗin zai hau, ya ba su daga 29 ga Satumba zuwa 21 ga Oktoba kawai, amma duk da haka fim ɗin ya sayar da tikiti sama da miliyan ɗaya a ƙananan gidajen da suka karɓa. Fim ɗin Bayona ma ya gamu da irin wannan ƙi daga wasu manyan kamfanoni a Sifaniya. Abin lura shi ne ya ci gaba da jan mutane zuwa sinima bayan ya hau Netflix, domin wanda ya kalli faɗuwar jirgin a waya yakan so ya gan ta a babban allo. A ganina an yi hasarar kuɗi da 'yan kallo a wannan taƙaddama, kuma kowane ɓangare yana da nasa kason laifi: fim ɗin da aka tsara hotonsa da sautinsa don babban zaure ya cancanci tazarar da ta fi kwana ashirin.

Ranar 4 ga Janairu ma da lissafi aka zaɓe ta. A Sifaniya da Kudancin Amurka ana cikin hutu har zuwa 6 ga wata, iyalai suna gida. Ranar 21 ga Disamba an fitar da jerin farko na Oscar, fim ɗin ya shiga rukuni huɗu. Ranar 7 ga Janairu aka yi bikin Golden Globe inda yake cikin 'yan takara, ranar 11 kuma aka buɗe ƙuri'ar fitar da 'yan takarar Oscar. Wato a makon da masu ƙuri'a ke yanke shawara, fim ɗin ne ke bakin kowa.

Kafin wannan rana akwai aikin da mai kallo ba ya gani, kuma shi ne ƙashin bayan fitar da fim ɗin wani harshe. Furodusa yana miƙa babban kwafi mai inganci, tare da sauti a rarrabe: maganar 'yan wasa daban, kiɗa da sauran ƙararraki daban. Wannan rabuwa ita ce ke ba da damar cire muryar asali a ɗora ta wani harshe ba tare da an rasa kukan iska ko ƙarar takun ƙafa a ƙanƙara ba. Duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya da aka yi wa fassarar Hausa ya san yadda kiɗa ke nutsewa idan mai fassara ya fara magana. Rashin wannan rarrabuwar sauti ne ke jawo hakan. Ana kuma miƙa cikakken rubutun maganganu da lokacin kowace jimla, da bayanin karin magana da sunayen laƙabi, domin mai fassara a Turkiyya ko Koriya ya san abin da ake nufi.

Rubutun fassara na ƙasan allo yana da ma'auni. A ƙa'idar Netflix, a harsuna da yawa layi ba ya wuce harafi 42, ba a wuce layi biyu a lokaci guda, rubutu ba ya zama a allo fiye da daƙiƙa bakwai, kuma akwai iyakar saurin karatu, wajen harafi 17 zuwa 20 a daƙiƙa ga manya. Mutanen Montevideo da Buenos Aires suna magana da sauri, suna katse juna, sai ya zama dole mai fassara ya taƙaita. A wurin da mutum goma ke ihu cikin gangar jirgi, shi zai zaɓi muryar da za a rubuta, kuma idan ya zaɓi wadda ba ita ce mai ɗauke da labari ba, mai kallo ya ɓace. Wata matsalar kuma ta launi ce: farin rubutu a kan farar ƙanƙara ba ya karantuwa sai an sa masa inuwa ko baƙin gefe.

Sifaniyanci kansa ba iri ɗaya ba ne, kuma nan wuri ne mai santsi. Lafazin Madrid daban, na Meziko daban, na bakin kogin Plata, wato Yurugwai da Ajantina, daban, har da wakilin sunan da ake kiran mutum da shi. Idan fim ɗin waje ne, kamfanoni sukan ɗora murya iri biyu, ɗaya ta Sifaniya, ɗaya ta gama-garin Latin Amurka. Idan fim ɗin da Sifaniyanci aka yi shi tun asali, taɓa harshen na iya zama cin fuska. A Janairun 2019 an nuna Roma a Sifaniya da rubutun da ya mayar da maganar Meziko zuwa salon Madrid, Cuarón ya fito ya yi tir da hakan, Netflix ya cire. Abin da ya fi dacewa, kuma aka koma kansa, shi ne a rubuta abin da ɗan wasa ya faɗa yadda ya faɗe shi, a bar mai kallo ya kunna idan yana so.

Sauti da hoto ma sai an sake musu awo. Haɗin sautin da aka yi don zauren sinima yana da tazara mai faɗi tsakanin raɗa da tsawa. A lasifikar waya raɗar ba za ta fito ba, sai a yi wani haɗin na kallon gida da ke ɗaga magana. Hoto kuma ana matse shi zuwa matakai da yawa, manhaja tana zaɓa gwargwadon ƙarfin intanet. Fim irin wannan yana wahalar da matsewa, domin rabinsa farin fili ne mai ɗauke ido, rabinsa duhun cikin jirgi, kuma a ƙaramin inganci duhu kan farfashe ya zama dabbare-dabbare. Netflix ya ce kallo a babban inganci na iya cin har gigabait 3 a awa, a mafi ƙanƙanta kuwa wajen 0.3. Wato wannan fim na iya cin gigabait 7 ko ƙasa da ɗaya. Mai kallo a Kano ko Maradi da ke lissafin data, gara ya sauke shi a matsakaicin inganci inda intanet ke da ƙarfi, ya kalla da abin sawa a kunne.

Talla kuwa ta fuskanci tambaya mai wuya tun farko: yaya za a yi da batun cin naman mamata? Hanya mai sauƙi ita ce a sa shi a gaba don ya ja hankali. An taɓa bin wannan hanya a wani fim ɗin Meziko na 1976 kan wannan hatsari, kuma ba a tuna shi da alheri. Da an maimaita, da an samu danna-danna na mako ɗaya, a rasa iyalan mamata, a rasa waɗanda suka tsira, a rasa masu sharhi. Abin da aka yi shi ne aka gina tallar a kan zumunci da sadaukarwa. Wanda ke ba da labari a fim ɗin shi ne Numa Turcatti, ɗaya daga cikin waɗanda ba su dawo ba, kuma duk wanda ya rasu ana rubuta sunansa da shekarunsa a allo. Masu shirin sun naɗi hira ta fiye da awa ɗari da waɗanda suka tsira, aka kuma nuna wa iyalai fim ɗin a Montevideo kafin duniya ta gani. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne, kariya ce ga jarin da aka zuba: fim ɗin da aka gina a kan gaskiya, idan masu labarin suka fito suka ƙaryata shi a makon fitowarsa, babu kuɗin tallar da zai gyara.

Tunda babu tauraro, sai masu labarin suka tsaya a matsayinsa. Nando Parrado da Roberto Canessa, waɗanda suka yi tafiyar kwana goma a ƙafa suka tsallaka tsaunuka har suka gamu da makiyayi Sergio Catalán, sun yi ta hira da 'yan jarida tare da matasan da suka fito a matsayinsu. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun ɗan fito a fim ɗin: Carlitos Páez ya fito a matsayin mahaifinsa, yana karanta sunayen waɗanda aka samu da rai, Canessa ya fito a matsayin likita. Irin waɗannan bayanai su ne abincin TikTok da Instagram. Mutum ya gama kallo, ya shiga neman hotunan 1972, ya jera su kusa da na fim, ya tura wa abokai. Netflix ya biyo baya da gajeren shirin yadda aka ɗauki fim ɗin, domin wanda ya gama kallo yana neman ƙari ya same shi a cikin manhajar. Enzo Vogrincic, wanda ya fito a matsayin Numa, ya tashi daga ɗan wasan da ba a sani ba a wajen Yurugwai zuwa mai miliyoyin mabiya cikin makonni kaɗan.

Babban allon talla dai shi ne shafin farko na manhajar kanta. Ba hoto ɗaya ake nuna wa kowa ba. Ana shirya hotuna da yawa na fim guda, na'ura tana gwadawa, tana nuna wa kowane mai kallo wanda ya fi kusa da abin da ya saba dannawa: wani ya ga fuskar saurayi cikin sanyi, wani ya ga tarkacen jirgi a tsakiyar farin fili. Jerin fina-finai goma da ke kan gaba a kowace ƙasa shi ma talla ne, domin abin da ya hau jerin ana ƙara danna shi, abin da aka ƙara dannawa kuma yana daɗewa a jerin. Hatsarin wannan tsari shi ne kwanakin farko suna da nauyi fiye da kima. Idan hoto ya yi alkawarin fim ɗin tsoro, mai kallo ya tarar da labari mai tafiya a hankali, zai kashe bayan minti goma, kuma na'urar za ta rage nuna shi. Fina-finan Sifaniyanci masu kyau da yawa sun nutse a haka, ba tare da biki ko sinima da za su sa a ji sunansu daga waje ba.

Saura batun karɓuwa, kuma a nan ake bukatar taka-tsantsan. Ma'auni uku ne, ba sa maye gurbin juna. Na farko shi ne alƙaluman kallo. Tun Yunin 2023 Netflix yana lissafin abin da yake kira kallo ɗaya ta hanyar raba jimillar awannin da aka kalla da tsawon fim. A kwana huɗun farko an kalli wannan fim na wajen awa miliyan 55, aka raba da tsawonsa na kusan awa biyu da rabi, aka samu kallo miliyan 22.9. A rahoton rabin farko na 2024 ya kai kusan miliyan 104. Wannan adadi ba yawan mutane ba ne. Mutum biyu da kowanne ya kalli rabi ya tsaya, kallo ɗaya ne. Iyali mai mutum takwas a gaban talabijin ɗaya, kallo ɗaya ne. Wanda ya maimaita sau uku, kallo uku ne. Kamfanin ne ke fitar da adadin da kansa, kuma abin da ya fi amfani a wurinsa, wato mutum nawa suka kai ƙarshe da mutum nawa suka yi rajista saboda fim ɗin, ba ya bayyana shi. Kallon da aka yi ta kwafin sata a Telegram da wuraren tura fina-finai kuwa ba ya cikin lissafin kwata-kwata.

Na biyu shi ne kyaututtuka. A bikin Goya na Sifaniya da aka yi a Valladolid ranar 10 ga Fabrairun 2024, fim ɗin ya ci 12 cikin 13 da ya nema, har da na fim mafi kyau da na darakta, Matías Recalt kuma ya ci na sabon ɗan wasa. A Oscar ya shiga takara a rukuni biyu, na fim ɗin ƙasashen waje da na kwalliya da gyaran gashi, bai ci ko ɗaya ba. The Zone of Interest na Birtaniya ne ya ɗauki na farkon. Kada a ɗauka kyauta ma'aunin inganci ce zalla. Yaƙin neman ƙuri'a yana cin kuɗi: nuna fim na musamman ga masu ƙuri'a, tallar mujallun sana'a, yawo da darakta birni-birni. An ruwaito cewa abin da aka kashe wa Roma a wannan fanni ya zarce kuɗin shirya shi, kafin ya ci Oscar uku. Ƙaramin fim daga Bolibiya ko Guatemala da ba shi da irin wannan goyon baya ba ya shiga filin da ƙarfi ɗaya.

Na uku shi ne abin da masu sharhi da jama'a suka ce. Galibi an yaba yadda aka ɗauki faɗuwar jirgin da ruftawar ƙanƙara, da yadda aka girmama mamata. Sukar da aka fi maimaitawa ita ce tsayi, da wahalar bambance samari masu yawa da suka rame suka yi gemu iri ɗaya, kuma wannan suka tana da tushe, musamman ga mai kallo a ƙaramin allo wanda idonsa ke kan rubutun fassara. A Yurugwai karɓuwar ta wuce batun fim, domin labarin na gida ne, mutanen da abin ya shafa suna raye, kuma wannan ne karon farko da aka ba da shi a babban aiki da lafazinsu.

Wanda ke son kwatanta fina-finai biyu ya fara duba shekarar da aka fitar da adadin. An ce gidaje miliyan 56 sun kalli El hoyo a makonni huɗun farko, amma a 2020 minti biyu kacal ya isa a ƙirga gida cikin waɗanda suka kalla. Kafin nan sai an kalli kashi 70 cikin ɗari na fim ake ƙirgawa, a ƙarshen 2021 aka koma ƙirgen awanni, a 2023 aka koma raba awanni da tsawon fim, jerin fina-finan da suka fi tashe kuma aka mayar da shi kan kwana 91 na farko maimakon 28. Adadin 2020 da na 2024 ba a jera su a layi ɗaya sai an mayar da su duka zuwa awanni, a kan kwanaki iri ɗaya.